Minti Ɗaya Cak

Yuli ne a Nebraska.
Masara ta tsaya cik a gona, ko ganye ba ya motsi,
fanka na juyawa a rufi, tana kwashe zafi daga nan ta zuba can.
Wa zai kunna tanda a irin wannan rana?

Kwana shida Lorene na asibiti,
sun sa mata sabon ƙugu na ƙarfe.
Kicin ɗinta na kallona kamar baƙo,
ni da na shekara arba'in da ɗaya ina cin abin da ya fito cikinsa
ban taɓa tambayar inda ludayi ke kwana ba.

Jikata Tessa ce ta hau kujera,
ta sauko da gwangwanin katunan girki.
Ga shi nan, Kaka, wanda ba a gasawa.
Katin ya sha maiƙo har haske na ratsa shi,
rubutun ya kwanta gefe ɗaya, kamar ciyawa bayan iska.

Sukari kofi biyu. Madara rabin kofi.
Bota sanda guda, garin cakuleti cokali huɗu.
Na zuba, na juya.
Botar ta yi ta kewaya tukunya tana ƙanƙancewa
har ta ɓace cikin ruwan ƙasa-ƙasa,
ƙamshi ya tashi, kare ya bar inuwar baranda
ya zo ya liƙa hanci a ragar ƙofa.

A tafasa minti ɗaya cak, in ji katin.
A ƙasa kuma, da jan biro:
Kar a fara ƙirga sai ta tafasa har tsakiya.
Wendell, da kai nake.

Yaushe ta rubuta wannan?
Wace shekara ta zauna ta hango ni
tsaye a nan, da gumi a gira, ina gaggawa?

To, kumfa ya ɗan ɓullo a gefe,
ɗaya, biyu, ga na uku.
Na ce ai ta tafasa.
Tessa ta ce ba ta kai ba.
Na ce yarinya, na ja tarakta tun uwarki ba ta zo duniya ba.
Jirgin hatsi na wucewa bayan gari,
na ƙirga taragai sittin, na sauke.

Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta shiga, ta narke,
ots kofi uku ya bi baya, cokali ya fara nauyi.
Muka jera su kan takarda mai santsi,
nata ƙanana, nawa kamar kashin saniya.
Muka zauna jira.

Rabin awa. Awa guda.
Na taɓa ɗaya, ya bi yatsana.
Muka kai firji, muka roƙe su.
Suka yi sanyi dai, amma tauri, ina!
Ƙyalli kawai suke, suna malala,
kowanne na neman hannun ɗan'uwansa.

Tessa ba ta ce uffan ba.
Wannan shirun a wurin kakarta ta gaje shi.

Da yamma muka kankare su cikin kwano,
muka rufe, muka ɗauki cokali uku,
mil talatin zuwa gari, kwanon a cinyarta.

Lorene ta buɗe, ta duba, ta dube ni.
Ta ɗebi kaɗan, ta lumshe ido,
ta bar shi ya zauna a harshe.
Injin gefen gado na ta ƙirga nasa.

Daƙiƙa arba'in, ta ce.
Da biyar, in na yi maka adalci.

Sannan ta jawo kwanon jikinta,
ta kare shi da gwiwar hannu,
ta ce mu nemi namu.